Bakina Ya Raba Taubashina da Gudu, Ƙaninsa Ke Ɗauke da Laifin

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi, ina gaida masu karatu baki ɗaya. Don girman Allah a sakaya sunana, sunayen da za ku gani a ciki ma duk na canza su. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. In zagi ne na riga ku, shekara biyar ke nan ina yi wa kaina. Shawara nake nema, kuma da gaggawa.

Ni mutumin Illela ne, nan bakin bodar Nijar, ina da shagon kayan gyaran babur kusa da tasha, shekaruna sun ba hamsin baya. Bari in faɗa tun da wuri don ku san da wa kuke magana: ni ban taɓa ganin abin raini irin magidanci da furfurarsa ya sa wandon 'yan ƙwallo ya fito titi yana sheƙa gudu ba. A inda muka tashi, in ka ga babba yana gudu to gobara ce, ko sa ya tsinke a kasuwar dabbobi, ko ɓarawo aka biyo. Amma mutum da hankalinsa, ba a koro shi ba, bai koro kowa ba, ya fita yana haki yana zufa, ya je bai sayo komai ba, ya dawo bai kawo komai ba, wai shi motsa jiki yake? Manomin ƙauyen Darna da ke duƙe tun safe har azahar ya taɓa ce maka motsa jiki yake yi? Ciwon ƙoshi ne kawai na mutanen ofis da fanka ta gama kaɗa su. Haka nake gani a lokacin, kuma in zan faɗi gaskiya har yau raina bai gama sakin wannan ra'ayi ba.

Shekarar korona abin ya iso mu. An rufe makarantu, an tsare hanyoyin shiga jihohi, boda kuwa dama a garƙame take tun kafin cutar. Duk wani ɗan Illela da ke aiki ko karatu a birni ya tattaro ya dawo gida ya zauna mana a ka. Cikinsu har da taubashina, ɗan Gwaggona, zan kira shi Malam Umaru. Ya girme ni da shekara uku, jami'in duba makarantu ne a Sakkwato, mutum mai sanyin hali da yawan murmushi, irin wanda ko zaginsa ka yi sai ya ce maka na gode. Tun muna yara wasa ke tsakaninmu, in ce masa bawana, ya ce mini Alhaji Tumbi. Ya dawo da ciwon suga, likita ya ce masa ya rage tuwo ya riƙa motsawa. To maimakon ya yi ta zagaya tsakar gidansa a asirce kamar mai kunya, sai bawan Allah ya sayi farin kambas, ana sallame sallar asuba ya tuɓe jallabiya ya miƙi hanyar ƙauyen Araba da gudu, ya ratse ta gonaki har gindin wani babban gawo, ya juyo. Kullum ta Allah. Azumi ne kaɗai ya tsayar da shi, ana gama bikin salla ya ɗora daga inda ya tsaya.

Kwanakin farko gari ya sha kallo. Mai shayi ya bar tukunya ya bi shi yana tambayar ko lafiya, wata tsohuwa ta yar da itacenta ta ruga gida ta zaci wani abu ya biyo shi. Ni kuwa na samu abin yi. In ya wuce ta gaban shago in ɗaga murya in ce a tare mini bawana ya tsere, in ce in ka ji ƙi gudu sa gudu ne bai zo ba, shi nasa sa gudun allurar likita ce. Sai ya ɗaga mini hannu yana dariya ya wuce. Wannan dariyar ita ke ƙona ni. Ka yi wa mutum ba'a don ya ji kunya, shi kuma ya ƙi ji, ya za ka yi da shi? Kafin wata biyu sai ga 'yan makarantar da aka koro daga jami'o'i sun fara binsa, da igiyoyi a kunnuwa, da guntayen wanduna gwiwa a waje, ba aiki ba sana'a, sun samu limami. Shi kuma jikinsa ya faɗa, fuska ta yi fes, tafiyarsa ta canza. Wata rana da safe mai ɗakina tana zuba mini koko a gaban ƙanwarta ta ce wai da ni ma na bi Malam da na riƙa ganin yatsun ƙafata in na tsaya. Suka tuntsire da dariya. Na yi kamar ban ji ba, amma kokon nan ban iya shanye shi ba.

Yanzu ga inda abin yake. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci muna shan fura a tsakar gidan Gwaggo, mu uku, ni da Malam Umaru da ƙaninsa Bello, uwa ɗaya uba ɗaya. Malam ya ciro wayarsa yana ta zumuɗi kamar yaro ya samu sabuwar riga, ya nuna mana wani abu da ke ƙirga masa taku, har ya zana hanyar da ya bi da jan layi, daga ƙofar gida har gindin gawo. Bello ya yi tsaki ya ce Yaya ya bar zubar musu da girma a gari, 'ya'yansa sun isa aure yana tsalle a titi. Ni na ce ai jan layin ma ya fi shi hankali, tunda shi a kwance yake. Aka yi dariya aka tashi. Mu biyu kaɗai ya nuna wa, ku riƙe wannan.

Wanda bai san Illela ba bari in yi masa bayani. Da aka rufe boda, abincin rabin matasan garin nan ya koma fito, wato ɗauko shinkafa a babur daga Ƙonni, can tsallaken boda, ta cikin daji, a shigo da ita da jijjifi. Su ne masu sayen taya da sarƙa a shagona, nan suke zama, nan suke hira. Bello kansa yana da babura da ya ba matasa suna yi masa wannan aikin. To cikin mako guda sai jami'an kan iyaka suka yi kamu har sau biyu, duka a kusa da gawon nan, aka tafi da kaya da babura, biyu daga ciki na Bello. 'Yan fito suka cika mini shago ido jajir, kowa na cewa akwai mai kai rahoto, in ba haka ba ya aka yi aka san wannan hanyar? Ina zaune a kujerata ina sakace haƙori. Ba wanda ya tambaye ni. Wallahi ba wanda ya tambaye ni. Na buɗe baki na ce:

"Kuna neman mai kai rahoto, ga shi kullum yana wuce ku da farin takalmi? Wayarsa har zanen hanya take yi, jan layi, daga gida har gindin gawo. Da idona na gani. Wa yake tura wa, oho."

Wani dogo da ke tsaye bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Alhaji, mi kac ce?"

Na yi dariya na ce ban ce komai ba, wasa nake da taubashina. Amma na ga idanunsu, na ga yadda suka dubi juna, na ga yadda suka fice ɗaya bayan ɗaya ba sallama. Ni yaro ne? Ban san abin da ake yi wa wanda aka ce yana kai rahoto a bakin boda ba? Na san Malam Umaru ko sunan babban jami'in wurin bai sani ba, mutumin da in ka ba shi buhun shinkafa sai ya tambaye ka rasit. Ina da kwana uku cur da zan iya kiran su in ce ƙarya nake, ko in je in ce masa ya canza hanya. Ban yi ba. A raina cewa nake za su ɗan tsorata shi ne, su yi masa ihu, ya dawo gida da kunya ya ajiye kambas, in samu abin tsokanarsa har tsufa. Abin da nake so ke nan, in ga murmushin nan ya bar fuskarsa ko sau ɗaya.

Rana ta huɗu da hantsi aka kira ni a waya, ni aka fara kira. Wani manomi ne ya tsince shi a gindin gawo ya ɗoro shi a amalanke. Sun naɗe fuskokinsu da rawani, sun farfasa wayar da dutse, sun sa gora sun karya masa ƙafar dama a ƙasan gwiwa. Ni na sa shi a mota, kansa a cinyata har asibiti, jininsa a rigata. A hanya yana nishi yake gaya mini cewa suna dukansa suna tambayarsa wa yake tura wa jan layi. Jan layi. Na ji kamar in buɗe ƙofar motar in faɗa. Na ce masa ya yi shiru ya yi ta salati.

Malam Umaru ba wawa ba ne. Da ya samu sauƙi ya yi lissafinsa: mutum biyu ya nuna wa, ɗaya taubashinsa ne da ya ɗauke shi cikin jini ya yi jinyarsa, ɗaya kuma ƙaninsa ne da ya riga ya ce yana zubar musu da girma, wanda kuma aka kama wa babura biyu. Wa za ku zarga in ku ne? Aka taru a ɗakin Gwaggo. Bello ya yi alwala ya ɗauko Alƙur'ani ya rantse yana kuka, babban mutum da gemunsa. Da ya ga ba a yarda ba sai ya juyo ya dube ni ya ce ai ba shi kaɗai ya ga wayar ba. Malam ya daka masa tsawa, karo na farko da na taɓa jin ya ɗaga murya, ya ce kada ya kuskura ya sako ni. Duk ɗakin aka zuba mini ido. Kun san abin da na ce? Na girgiza kai kamar wanda aka zalunta na ce, "Haba Bello, ka ji tsoron Allah." Wannan kalma ta fi ta shagon muni, na sani. Ta shago na ce wasa ce, wannan fa mece ce?

Daga ranar Malam Umaru bai ƙara amsa sallamar Bello ba. Bello ya yi ta bincike cikin 'yan fito, kowa ya ce masa shi dai a gari ya ji, don wanda ya faɗi inda maganar ta fito ya nuna yana cikin waɗanda suka yi aika-aikar. Haka asirina ya rufu, ba don ina da gaskiya ba, sai don matsorata sun fi ni tsoro. Wasunsu sun bar gari, sauran har yau suna zuwa sayen taya, mu gaisa kowa na kallon ƙasa. Samarin da ke binsa gudu kuwa ko mako ba a yi ba suka watse, jarumawan banza, ba wanda ya ƙara leƙa hanyar Araba, ba wanda ya tsaya ya ce Malaminsu ba haka yake ba. Ƙashi ya ɗinke a karkace, ya koma aiki da sanda, bai daɗe ba ya ajiye ya dawo gida gaba ɗaya. Ya zauna wuri ɗaya, jiki ya dawo, suga ya hau. Sai wani ɗan miki ya fito a ƙafar nan, ƙarami, ya ƙi warkewa. Bara aka cire masa yatsu biyu. Ina ta gaya wa kaina cewa suga daga Allah yake, ba ni na sa masa ba, har ranar da na raka shi asibiti na ji likita da kunnena yana tambayarsa me ya sa ya bar motsa jikin da ya ce yana yi da. Malam ya yi murmushi ya ce ƙaddara.

Abin da ke ƙara tafasa mini zuciya, yanzu gudun ya zama abin yayi. Ku zo Illela ranar Asabar da safe ku ga ikon Allah. Riguna iri ɗaya, da usur, da mai ɗaukar hoto a babur, ma'aikata da 'yan canji da masu shaguna, ana tafe ana girgiza tumbi, a yi taku ashirin a tsaya a ɗauki hoto a sa a waya. Mutanen da suka tsaya bakin titi suna cewa Malam Umaru ya zautu, su ne yau ke yi wa mutane wa'azin lafiya. Har dogon nan da ya tambaye ni mi nac ce, wanda ko shakka ba na yi yana cikin masu gorar, na gan shi a sahun gaba da ruwan roba a hannu. In sun biyo ta ƙofar gidan Malam yana zaune a tabarma da ƙafa a naɗe, sai ya ɗaga musu hannu ya ce su riƙa shaƙar numfashi ta hanci. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce masa kai ka fara. Ina kallon su ina tsaki, in na gama tsakin sai in tuna wane ne ni, gwano ba ya jin warin jikinsa.

Gari kuwa ya ɗauke ni mutumin kirki. Ni ne mai kai shi asibiti, ni ne mai shiga tsakani. Gwaggo ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, 'ya'yanta biyu sun raba lokacin gaishe ta, wannan da safe wancan da la'asar, don kada su haɗu a zaure. Bikin 'yar Malam aka yi, Bello bai samu goron gayyata ba, ya tsaya daga nesa har aka shafa fatiha ya juya. Duk ranar da na je gaida Gwaggo sai ta laluba ta kama hannuna ta ce ni kaɗai Umaru ke jin maganata, in taimake ta in sasanta su kafin ta mutu, ta sa mini albarka. In fito in tarar da Bello a waje. Ba ya zagina, ba ya ce mini komai, gaisuwa kawai, amma yadda yake kallona na san ya sani. Hujja ce ba shi da ita. Sau nawa na yi niyyar faɗa? Sau nawa na shirya maganar a bakina tun daga gida, in isa in ga Malam ya washe baki ya ce ga Alhaji Tumbi, ya sa a kawo mini fura, in haɗiye ta tare da furar? Na yi sadaka, na yi istigfari, na je wajen wani malami na tambaye shi a kaikaice kamar labarin wani nake ba shi. Ya ce mini haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai bawan ya yafe, kuma wanda ya bar wani yana ɗauke da laifinsa kullum sabon zunubi yake ɗiba. Na yi masa godiya ban ƙara komawa ba.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, likitoci a Sakkwato sun ce mikin ya ci ƙashi, za a yanke ƙafar daga gwiwa, an sa ranar Litinin mai zuwa. Sun kuma gaya masa gaskiya cewa zuciyarsa ba ta da ƙarfi, aikin yana da hatsari. Ranar Alhamis bayan la'asar ya aiko a kira ni, ya sallami kowa daga zaure muka rage mu biyu. Ya ce mini ba ya tsoron mutuwa, abin da ke cinsa shi ne wata uku kacal ya yi a rayuwarsa yana jin jikinsa nasa ne, aka ƙwace masa, kuma ɗan'uwan da ya goya a bayansa ne ya yi. Sai ya kama hannuna ya riƙe.

"In ban tashi ba, kai za ka yi mini wanka, kai za ka sa ni a kabari. Bello kuwa kada ya taɓa makarata. Ban yarda da kowa ya tsaya mini a kan wannan ba sai kai. Ka yi mini alkawari."

Na ce masa in sha Allahu zai tashi, ya bar irin wannan magana. Bai saki hannuna ba. Ya ci gaba da kallona, yana jira, har sai da na ce na yi.

Jama'a, ni ke nan. Mutumin da na sa aka karya ya ba ni amanar gawarsa, ya kuma ɗora ni in kori marar laifi daga bakin kabarinsa. In na gaya masa kafin Litinin, da wannan zuciyar tasa, ina tsoron in ƙarasa abin da na fara, a ce baƙin ciki ya kashe shi kafin wuƙar likita. In na yi shiru ya tafi a haka, ya mutu yana gaba da ƙaninsa a kan ƙaryata, Bello ya rasa ko yafiyar yayansa har abada, ni kuma in tsaya da waɗannan hannuwan in wanke shi. In fara zuwa wajen Bello? In durƙusa gaban Gwaggo, tsohuwar da ke sa mini albarka? Ban ɓoye muku ba, ina tsoron bakin garin nan, ina tsoron 'ya'yansa, ina tsoron yadda nawa 'ya'yan za su dube ni. Amma duk wannan bai kai tsoron ranar da za a miƙo mini ruwan wankansa Bello yana tsaye a waje ba. Yau Asabar, gobe da hantsi ni zan tuƙa shi zuwa Sakkwato, mu biyu a gaban mota.

Don Allah ku gaya mini, me zan yi?